Ƙabar Tabo Bayan Tiyatar Ciwon Dajin Hanji ta Ƙananan Ƙofofi: Hujjojin Bincike da Halin Majinyacin Bagega

Tsakure

Wannan takarda ta duba haɗarin fitowar ƙaba a wurin yanka bayan an cire ciwon dajin babban hanji ta tiyatar ƙananan ƙofofi, wadda likitoci ke kira laparoskofi. Ta dogara da sakamakon binciken da aka wallafa a manyan mujallun likitanci, ta auna shi da halin majinyacin da ya fito daga Bagega da ƙauyukan Anka, Bukkuyum da Gummi. Matsayarta ita ce, na'urar kaɗai ba ta hana ƙaba. Wurin da aka yanka aka fito da hanji, yadda aka ɗinke, da tsabtar rauni su ke yanke hukunci, kuma in an yi sake, wanda gidansa ya fi nisa da asibiti shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa.

Gabatarwa



Sunan Bagega ya shiga kunnen duniya ne ta dalilin gubar dalma. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma, saboda ƙurar dutsen zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, har aƙalla yara 400 suka rasu. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ita ta fi daɗewa tana jira. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, sannan ƙungiyar likitoci ta MSF ta samu damar ba yaran garin maganin da ke fitar da dalma daga jini. Na fara da wannan ne saboda aikin ya tabbatar da abin da takardar nan za ta nema a ƙarshenta: an bi dubban yara a waɗannan ƙauyuka, ana ɗibar jininsu ana aunawa, wata bayan wata, shekara bayan shekara, har zuwa 2022 da MSF ta miƙa aikin ga hukumomi. Ashe bibiyar majinyaci na tsawon shekaru abu ne mai yiwuwa a yammacin Zamfara, in an ɗauke shi da gaske.

Maganata a yau kan manya ce, kuma kan wata cuta dabam. Ciwon dajin babban hanji da dubura shi ne na uku a yawa a duniya, kuma na biyu wajen kisa. A 2022 an ƙiyasta sababbin masu shi kusan miliyan 1.9, waɗanda ya kashe kuma kusan 900,000. A Najeriya yana cikin na gaba-gaba tare da na nono, na mafitsara ta maza da na bakin mahaifa. Mutumin Bagega da ya kamu da shi yakan daɗe yana shan maganin basir ko na atuni, daga nan ya je babban asibitin Anka, sannan a tura shi Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Shika a Zariya, ko Kano. A irin waɗannan manyan cibiyoyi ne tiyatar ƙananan ƙofofi ke samun gindin zama a ƙasar nan, galibi daga aikin madaciya, afendis da cututtukan mata, tana matsowa zuwa aikin hanji. Tambayar da ya kamata mu yi tun yanzu, tun ba a saba da wata mummunar al'ada ba, ita ce: bayan an cire ciwon an sallami mutum, me zai faru da bangon cikinsa nan da shekara uku?

Abin da aka yi zato da abin da aka gani

A wannan tiyata ana hura wa ciki iskar kabon ya kumbura, a huda ƙofofi huɗu ko biyar masu faɗin milimita 5 zuwa 12, a shigar da kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo yana yanka. A 1991 Jacobs da abokan aikinsa a Miami ta Amurka suka wallafa rahoton farko-farko na cire hanji ta wannan hanya. Daga baya manyan gwaje-gwaje suka biyo: na Basalona a 2002, COST a Amurka a 2004, COLOR a Turai da CLASICC a Birtaniya a 2005. Dukkansu sun haɗu a kan cewa wajen warkar da ciwon daji hanyar ba ta gaza buɗe ciki ba, sannan majinyaci yakan fi saurin tashi, hanjinsa ya fi saurin motsawa, kwanansa a asibiti ya ragu. Da yake yankan ya ƙanƙance, kowa ya ɗauka ƙabar tabo ma za ta zama tarihi. Da aka koma aka duba, sai lamarin ya zo da gardama. A 2010 masu CLASICC sun bibiyi majinyatansu, suka tarar kusan kashi 9 cikin 100 sun yi ƙaba a kowane ɓangare, waɗanda aka buɗe da waɗanda aka huda. A Holan, bibiyar gwajin LAFA a 2014 ta ba da kashi 10 ga masu ƙananan ƙofofi da kusan 17 ga waɗanda aka buɗe. Bibiyar COLOR II, wanda ya shafi ciwon dajin dubura, ba ta ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. To, me ya sa hanya ɗaya take rage ƙaba a wani wuri, ta kasa a wani?

Amsar tana cikin wani mataki da ba a cika ambata wa majinyaci ba. Guntun hanjin da aka yanke, da kitsensa da ƙulluwan da ke jikinsa, ba ya fita ta ƙofar milimita 12. Dole a yi yanka na santimita 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, a fito da shi. Kenan kowace tiyatar ƙananan ƙofofi ta hanji tana ɗauke da ɗan ƙaramin buɗe ciki a cikinta, kuma a nan yawancin ƙabar ke fitowa. Wuri mafi sauƙi ga likita shi ne ya faɗaɗa ƙofar cibiya, ya yanka a tsaye a tsakiyar ciki. Wurin ba ya jini, yana saurin buɗuwa, yana saurin rufuwa. Amma rashin jinin da ya sa yake da daɗin yanka shi ne ke hana shi saurin warkewa. Farin tantanin da ya haɗa naman dama da na hagu ba shi da isassun jijiyoyin jini, kuma faffaɗan naman gefen ciki yana jan sa ne zuwa waje, ta yadda duk tari, duk nishi, duk yunƙurin bayan gida yana ƙoƙarin raba bakin raunin. In kuwa yankan a kwance yake, jan naman ba ya raba bakinsa. Yankan mara, irin wanda aka saba yi wa mata a tiyatar haihuwa, wanda ke ɗauke da sunan likitan Jamus Pfannenstiel, ya ƙara da wata fa'ida: tantanin sama a kwance ake yanka shi, naman da ke ƙasa a tsaye ake raba shi, don haka ƙofofin biyu ba sa haɗuwa a layi ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagar ba ta zarce ba.

Alƙaluma sun gaskata wannan bayani. A 2017 Lee da abokan aikinsa na Jami'ar McGill a Kanada sun tattara binciken da aka yi a kan wurin fito da hanji, suka samu ƙaba a kashi 10.6 cikin 100 na yankan tsakiya, 3.7 na yankan kwance a gefe, da 0.9 na yankan mara. Wato tsakanin na farko da na ƙarshe akwai ninki fiye da goma, alhali na'ura ɗaya ce, cuta ɗaya ce. A kan haka ne ƙungiyoyin likitocin ƙaba na Turai da Amurka, a ƙa'idojin da suka sabunta tare a 2022, suka ba da shawarar a guji tsakiyar ciki wajen fito da abin da aka yanke, a kuma ɗinke tantanin duk ƙofar da ta kai milimita 10, musamman ta cibiya. Ƙabar ƙaramar ƙofa ba ta da yawa, amma bakinta matsattse ne, gefen hanji na iya maƙalewa a ciki ya ruɓe tun ba a ga wani kumburi mai girma ba.

Bayan wurin yanka sai ɗinki. Tun 1976 Jenkins ya nuna cewa zaren da za a rufe ciki da shi ya kamata ya ninka tsawon raunin sau huɗu, Israelsson a Swidin ya tabbatar da hakan daga baya. A 2015 mujallar Lancet ta wallafa gwajin STITCH na Holan, mai majinyata 560, inda aka gwada ɗinki mai ƙananan kamu, milimita 5 daga baki kuma milimita 5 tsakani, da wanda aka saba na santimita ɗaya. Bayan shekara guda ƙaba ta fito wa kashi 13 na masu ƙananan kamu da kashi 21 na masu manyan. Dalilin a fili yake. Babban kamu yana haɗawa da nama da kitse, su matse su mutu, zaren ya saki; ƙaramin kamu tantanin kawai yake riƙewa, kuma nauyin ya rabu a wurare da yawa. Zaren da ake so shi ne mai sili ɗaya wanda jiki ke daɗewa bai narkar ba, domin tantanin ciki yana ɗaukar watanni kafin ya dawo da mafi yawan ƙarfinsa. Akwai wani tsohon bincike da na ga ya cancanci a riƙa koya wa kowane ɗalibin tiyata: a 1989 Pollock da Evans sun maƙala ƙananan ƙarafa a bakin tantani lokacin rufe ciki, suka ɗauki hoto bayan wata ɗaya, suka ga kusan duk waɗanda suka yi ƙaba daga baya bakin rauninsu ya riga ya rabu tun a wannan watan. Kumburin da ya bayyana bayan shekara biyu, a makonnin farko aka shuka shi.

Jikin da za a ɗinke

Yanzu a ɗora wannan a kan mutumin da muke magana a kansa. Manomi ne, ko mai haƙa, ko mai dako, ko uwar gida mai daka da jan ruwa a rijiya. Jarinsa shi ne ƙarfin cikinsa da bayansa. Ma'aikacin ofis mai ƙabar tabo zai ɗaura ɗamara ya ci gaba da zama a kujerarsa, ya jira ranar da aka ba shi. Wanda zai ɗaga buhun gero ko ya sunkuya da fartanya wuni guda ba shi da wannan zaɓin. In bangon cikinsa ya buɗe, noman bana ya tafi, na baɗi ma da wuya. Sannan yankin yana da nasa abubuwan da ke ƙara haɗari. Ƙurar dutse da masu niƙa ke shaƙa tana lalata huhu, tana buɗe ƙofa ga tarin fuka, kuma tari mai naci sanannen abokin ƙaba ne. Dalma a jikin babba tana kawo taurin bayan gida, murɗar ciki da ƙarancin jini. Wannan yana da illa biyu: yana ƙara yunƙuri a kan sabon ɗinki, kuma tun kafin tiyata yana iya ruɗar ma'aikacin lafiya, ya ɗora wa dalma alamomin da na ciwon daji ne. Mutumin da ya haura shekara 40, yana zubar da jini ta dubura, yana ramewa, bayan gidansa ya canja, haƙƙinsa ne a leƙa hanjinsa ko da sana'arsa niƙan dutse ce. Binciken Farfesa Olusegun Alatise da abokansa a Ile-Ife ya nuna cewa haɗuwar waɗannan alamomi tana nuni mai ƙarfi ga ciwon dajin hanji a tsakanin 'yan Najeriya.

Ruɓewar rauni kuwa tana cikin manyan masu kawo ƙaba, kuma a nan ne tazarar da ke tsakaninmu da Turai ta fi faɗi. Binciken GlobalSurg na 2018 ya samu ruɓewar rauni bayan tiyatar ciki a kashi 9.4 a ƙasashe masu wadata, 14 a matsakaita, da 23.2 a masu ƙaramin ƙarfi. Wannan hujja ce ga laparoskofi, domin ƙaramin rauni ya fi wuyar ruɓewa, amma fa in an kare bakin yankan da rigar roba lokacin jawo hanjin. Akwai kuma wani mataki mai arha wanda aka gwada a ƙasarmu. Gwajin ChEETAh, wanda Lancet ta wallafa a 2022, an yi shi ne a ƙasashe bakwai ciki har da Najeriya, a kan majinyata fiye da 13,000. Abin da aka yi kawai shi ne, kafin a rufe ciki duk ma'aikatan su canja safar hannu, a kawo sababbin kayan ɗinki. Ruɓewa ta sauka daga kashi 18.9 zuwa 16.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ƙabar ta shaƙe. Hanjin da ya maƙale jini ya daina kai masa yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Hukumar da Lancet ta kafa kan tiyata a duniya ta sanya ma'auni a 2015 cewa kowa ya iya kaiwa wurin da za a buɗe masa ciki cikin awa biyu. Daga Bagega zuwa Anka a damina, daga Anka a bi ta Mayanchi zuwa Gusau, a yankin da 'yan bindiga suka sa tafiyar dare ta zama kasada, wannan awa biyun ba ta cika samuwa. In kuma an tsira an zo gyara, gyaran ma ba tabbas ba ne. Gwajin Luijendijk a Holan ya nuna cewa in an ɗinke ƙabar tabo da zare kawai, kashi 43 sukan dawo cikin shekara uku, in an sa raga kashi 24. Da aka kai shekara goma sai adadin ya zama 63 da 32. A ƙasar da fiye da kashi 70 na kuɗin lafiya daga aljihun majinyaci yake fita, iyalin da suka sayar da shanu da gona don tiyatar farko da allurar ciwon daji ba su da abin sayarwa a karo na biyu.

Ƙorafe-ƙorafen da za a iya yi

Na san wasu za su ce wannan magana ta masu wadata ce. Majinyatanmu suna zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu, da yawa hanji ya riga ya toshe, ba a zancen ƙananan ƙofofi sai dai a buɗe a ceci rai. Wa ke da lokacin tunanin tabo? Gaskiya ne rahotannin asibitocin koyarwa sun sha nuna zuwa a makare, kuma gano cutar da wuri ya fi komai muhimmanci. Amma wannan ƙorafi ƙara wa hujjata ƙarfi yake yi. In yawancin majinyata dogon yankan tsakiya za a yi musu, to ƙananan kamu, zaren da ya dace da canja safar hannu sun fi zama wajibi, tunda gwajin STITCH a kan buɗaɗɗen ciki aka yi shi. Ba kuma a ɗebe ko kwabo daga kuɗin na'urar leƙa hanji ba don an koya wa likita inda zai yanka. Ga wanda kuwa aka yi sa'ar samu da wuri har aka yi masa laparoskofi, shi ne mai tsawon rai a gaba in Allah ya so, shi ne kuma zai rayu da tabon shekaru masu yawa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: waɗannan alƙaluma daga tsofaffin Turawa masu ƙiba aka samo su, namu kuwa sun fi ƙuruciya, sun fi sirantaka. Ƙiba lallai tana cikin manyan dalilan ƙaba, kuma mai yiwuwa ne siririn manomi ya fi sauƙin ɗinki. Sai dai abin da aka rage ta wajen ƙiba an ƙara shi ta wajen rama, ƙarancin jini, ruɓewa da tari. Sannan jan naman ciki a kan yankan tsakiya halitta ce, ba ta canja da launin fata. Adadin na iya hawa ko sauka a wurinmu, amma ba ni ganin dalilin da zai sa yankan cibiya ya koma ya fi yankan mara aminci. Za a kuma iya cewa yawancin binciken wurin yanka na lura ne kawai, ba a rarraba majinyata da ƙuri'a ba, don haka wataƙila masu wahalar aiki ne aka fi yi wa yankan tsakiya. Wannan ma gaskiya ne, kuma masu McGill sun gwada amsa shi da gwajin ƙuri'a a 2018. A shekarar farko bambancin, kashi 8 da kashi 2, bai kai matsayin da masana lissafi za su sa hannu a kai ba. Da aka ci gaba da bibiya zuwa wata 30, aka kuma lissafa kowa bisa yankan da aka yi masa a zahiri, sai ya zama 15 da 2. Hujjar ba cikakkiya ba ce, amma duk inda ta karkata wuri ɗaya take karkata.

Na uku na masu riƙe da wuƙa ne, kuma ina girmama shi. In ciwon a hanjin hagu ko dubura yake, yankan mara ba wuya. In a dama yake, likitoci da yawa suna jawo hanjin waje ne su haɗa bakinsa biyu da hannu, kuma hanjin dama ba ya kaiwa mara. Kafin a yi amfani da mara sai an haɗa shi a can ciki, wanda ke bukatar na'urar maƙala hanji mai tsada ko gwanintar ɗinki ta allo. Ba zan ce wa likitan da bai ƙware ba ya yi kasada da haɗin hanji don gudun ƙaba ba. Yoyon haɗi kisa yake yi cikin kwanaki, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Amma akwai hanyar tsakiya: yankan kwance a gefen dama, a raba naman bisa tsarinsa, a jawo hanjin a haɗa a waje kamar yadda aka saba. Ba ya neman wani sabon kaya, kuma a lissafin Lee ƙabarsa kusan sulusin ta tsakiya ce. In dole ta sa aka bi tsakiya, to a ɗinke shi da dukkan ladubban babban yanka, a auna zaren, kada a raina shi don gajere ne. Sau da yawa a irin wannan minti na ƙarshe babban likita ya gaji ya fita, an bar wa mafi ƙanƙanta a ɗakin rufewa. Wannan al'ada ta cancanci a sake duba ta.

Batun raga ta rigakafi ina ganin a bi shi a hankali. Gwajin PRIMA na 2017 ya nuna ta rage ƙaba daga kashi 30 zuwa 13 a cikin masu babban haɗari, kuma ROCSS na Birtaniya a 2020 ya nuna ragar da aka yi da tantanin dabba ta rage ƙabar wurin da aka mayar da hanji bayan ƙofar bayan gida ta wucin gadi daga kashi 20 zuwa 12. Amma sanya baƙon abu a raunin hanji, a inda ruɓewa ta yi yawa kuma majinyaci zai koma nesa, shawara ce da za a yanke mutum-mutum. Inda ya fi cancanta a yi tunaninta shi ne ƙofar bayan gida ta dindindin, wadda masu ciwon dubura da yawa ba su da makawa sai ita, domin ƙa'idojin Turai na 2018 sun ƙiyasta cewa fiye da kashi 30 na masu irin wannan ƙofa suna yin ƙaba a gefenta cikin shekara guda, rabi ko fiye in an daɗe ana bibiya. Ƙabar tana hana jakar zama daidai, najasa ta riƙa yoyo, mutum ya ƙaurace wa jam'i da kasuwa. Malaman fiƙihu sun yi sauƙi ga mai lalurar da ba ta yankewa, kuma ya kamata a haɗa irin wannan majinyaci da malamin da zai yi masa bayani tun kafin a sallame shi.

Saura wata magana da ake yawan faɗa wa majinyaci idan ya dawo da kumburi: kai ka jawo, ka koma aiki da wuri. Hutun makonni kaɗan bayan tiyata shawara ce mai kyau, kuma a daidaita ta da lokacin noma in ciwon ya ba da dama. Amma hujjar da ke ɗora laifin ƙaba a kan ɗaukar kaya mai rauni ce idan aka kwatanta da wadda ke ɗora shi a kan ɗinki da ruɓewa, kuma binciken Pollock da Evans ya nuna raunin yakan rabu tun mutum bai fara aikin ƙarfi ba. Aiki yana faɗaɗa tsagar da ta riga ta samu. Zargin manomi yana rufe mana ido daga duba aikin hannunmu.

Bibiya

Ƙabar tabo ba ta gaggawar bayyana. Fink da abokansa a Jamus sun nuna a 2014 cewa adadinta ya tashi daga kashi 12.6 a shekara ta farko zuwa 22.4 a ta uku. Duk cibiyar da ta sallami majinyaci ta gan shi sau ɗaya bayan mako shida ta rubuta cewa ba matsala, ba ta auna komai ba. Mai ciwon dajin hanji dama ana son a bi shi shekara biyar don gudun dawowar cutar, don haka duba tabon ba ya bukatar wata tafiya ta dabam. Gwajin kansa mai sauƙi ne: mutum ya miƙe tsaye, a ɗora hannu a kan tabo da kowace ƙofa, ya yi tari, in an yi shakka a ɗauki hoton ciki irin na masu juna biyu. Ma'aikacin lafiya a Bagega zai iya, haka likita a Anka, Bukkuyum ko Gummi, matuƙar ya san abin da aka yi wa majinyacin. Dogaro da waya kaɗai ba zai isa ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda tsaro.

Saboda haka kirana ga shugabannin sassan tiyata na Gusau, Sakkwato, Zariya da Kano shi ne su mayar da yankan da ba na tsakiya ba ya zama ƙa'idar fito da hanji, wanda ya kauce ya rubuta dalili. A rubuta tsawon rauni da tsawon zare a takardar kowane aiki. A canja safar hannu da kayan ɗinki kafin rufe ciki. A buɗe rajistar da za ta bi kowane majinyaci aƙalla shekara uku. Ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara kuma, a horar da ma'aikatan matakin farko na Anka, Bukkuyum da Gummi kan duba tabo, a kuma tabbatar duk wanda aka sallama ya tafi da kati a rubutun boko da ajami, mai ɗauke da irin aikin da aka yi masa, ranar dawowa, da gargaɗi ƙarara: in kumburin ya ƙi komawa, ya yi zafi, ga amai, ga ba iska ba bayan gida, a kama hanyar asibiti a wannan sa'ar, kada a jira gari ya waye sau biyu.